Yadda Jiki Ke Samun Kuzari, da Inda Yake Kashe Shi

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a ce yana da rai: ɗan ɗigon ruwa ne mai kauri, lulluɓe da wani siririn tantani na kitse, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Robert Hooke na Ingila ne ya fara zana siffarsu a 1665, bayan ya duba yankan ɓawon itace, ko da yake abin da ya gani ɗakunan da matattun ƙwayoyi suka bari ne. Tsoka, hanta, ƙwaƙwalwa, ganyen dawa da saiwar gyaɗa, duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Kowace ɗaya tana da buƙatu biyu da ba ta rabuwa da su ko na minti guda: kuzarin da za ta yi aiki da shi, da muhallin da bai cika canzawa ba, wato zafi da ruwa da gishiri da sukari su tsaya a kan wani ƙayyadadden ma'auni. Buƙatun nan biyu a ɗaure suke da juna, domin kaso mai yawa na kuzarin da jiki ke samu wajen tsare wannan ma'auni yake ƙarewa.

Daga hasken rana zuwa jini

Kusan duk kuzarin da ke tafiyar da masu rai daga rana yake fitowa. Koren ganye yana kama hasken, ya zuƙi iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinsa, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya ƙera sukari, ya saki iskar oksijin. Rarar sukarin sai tsiro ya ƙulla ta ta zama sitaci, ya tara a ƙwayar hatsi ko a dankali da rogo. Aikin yana da tsada, don duk sa'ad da ganye ya buɗe ƙofofinsa don shan iska, ruwa na fita ta nan. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara, wadda Hatch da Slack suka bayyana a Ostareliya a 1966: sukan tattara kabon dayoksaid a wasu ƙwayoyi na can cikin ganye, saboda haka ba sa buƙatar wangale ƙofofin, ruwan da suke asara kaɗan ne. Alkama ba ta da wannan tsari, kuma ba ta jure zafi, shi ya sa a ƙasar Hausa ba a noma ta sai da sanyin hunturu, a wuraren noman rani.

Idan mutum ya ci tuwo, yawu ya fara aiki, hanji ya ƙarasa, sitacin ya warware ya koma gulukos, wani sukari mai sauƙin gini, ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Mai da nama da wake su ma sukan narke su shiga. Giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, irin kalorin da ake rubutawa a jikin kwalin abinci. Giram ɗaya na kitse kuwa 9 yake bayarwa.

A farkon shekarun 1780, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace a Faransa suka sa ɓeran Masar cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kuma auna kabon dayoksaid ɗin da ya fitar. Sannan suka ƙona gawayi suka yi irin wannan awo. Lissafin biyu ya zo kusan daidai. Daga nan aka gane cewa numfashi ƙuna ce: abinci ne ke haɗuwa da oksijin ya saki zafi. Bambancin kawai a sauri yake. Wuta kan saki kuzarin a lokaci guda, ƙwayar halitta kuwa takan bi matakai masu yawa, kowane mataki da sinadarin furotin da ke kula da shi, tana tsintar kuzarin kaɗan-kaɗan.

Abin da take tsinta a ciki shi ne wani sinadari da ake kira ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929. Yana da guntayen fosfet uku a jere a wutsiyarsa. Idan aka tsinke na ƙarshen, kuzari ya fita, aka yi aiki da shi. Sai a yi amfani da kuzarin abinci a sake maƙala guntun. Tsoka da jijiya ba sa iya aiki da gulukos kai tsaye, sai ya bi ta wannan hanya. Duk ATP ɗin da ke jikin mutum a lokaci guda bai kai rubu'in kilo ba, amma wanda yake sarrafawa a yini ya kusa nauyin jikinsa gaba ɗaya, domin kowane ɗaya ana tsinke shi ana gyara shi sau ɗaruruwa kafin gari ya waye. Ba a ajiye shi. Wanda ke cikin tsoka, idan aka zabura da gudu, daƙiƙa biyu zuwa uku ya ƙare.

Matakin farko na ƙera shi ba ya buƙatar oksijin. Ana raba gulukos gida biyu, a samu ATP biyu rak. Da wannan ɗan abin yis ke rayuwa a cikin kwaɓin burodi, iskar da yake fitarwa ce ke kumbura shi; da shi ƙwayoyin bakteriya ke mayar da madara nono mai tsami; da shi ɗan kokawa ke samun ƙarfin gaggawa sa'ad da numfashinsa ya kasa cim ma buƙatar tsokarsa. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu dakon oksijin, ba su da wata hanya sai wannan, don haka ba sa taɓa kayan da aka ba su dako.

Babban aikin a cikin mitokondiriya ake yin sa, wasu 'yan jakunkuna masu bango biyu da ke cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar hanta ɗaya tana da fiye da dubu, a tsokar zuciya kuwa sun cinye kusan sulusin wurin. A nan ake ƙarasa farfasa ragowar gulukos da kitse ta wani jerin matakai da ke zagayawa ya dawo inda ya fara, wanda Hans Krebs ya bayyana a Sheffield a 1937. Kabon ɗin abinci ya fita a matsayin kabon dayoksaid, haidurojin ɗinsa kuma a miƙa shi ga wani jerin furotin da ke jikin bangon ciki. Shekara da shekaru masana suna neman yadda wannan ke zama ATP, har Peter Mitchell ya kawo bayani a 1961, wanda da fari mutane ƙalilan ne suka yarda da shi. Ya ce furotin ɗin nan tura ƙwayoyin haidurojin suke yi zuwa ɗaya gefen bangon, su taru can su yi yawa, kuma ba su da hanyar dawowa sai ta cikin wani ɗan inji da ke dashe a bangon. Wucewarsu ce ke sa injin ƙera ATP. An ba Mitchell kyautar Nobel a 1978. A 1997 wasu masana a Japan suka nuna a ƙarƙashin madubi cewa injin nan juyawa yake yi da gaske. Kowane zagaye ɗaya ATP uku yake fitarwa, kuma yakan yi zagaye sama da 100 a daƙiƙa. Samun abu mai juyawa a cikin jikin kowane mutum, da na kowace akuya da kowace bishiya, yana daga cikin abubuwa mafi ban mamaki da binciken kimiyya ya tono.

Ta wannan hanya gulukos ɗaya yakan ba da ATP kimanin 30 a maimakon biyu. Aikin oksijin shi ne ya tsaya a ƙarshen jerin ya karɓi haidurojin, su zama ruwa. Idan ya yanke, layin duka ya tsaya. Shi ya sa mutum ke suma cikin kamar daƙiƙa 10 idan jini ya daina isa ƙwaƙwalwarsa, bayan 'yan mintuna kuma ƙwayoyinta su fara mutuwa. Gubar sayanaid, wadda rogo mai ɗaci ke saki idan ba a sarrafa shi da kyau ba, furotin na ƙarshe a jerin take toshewa: ga oksijin a jini, amma ƙwayoyin sun kasa amfani da shi. Jiƙa rogo kwana da kwanaki, matse shi, shanya shi da suyar gari, duk hanyoyin korar wannan guba ne, kuma gaggawa a wurin haɗari ce.

Inda kuzarin ke tafiya

Mutumin da ke kwance bai motsa ko yatsa ba yana ƙona kuzarin da ya kai wat 80 zuwa 100. Ga yawancin mutane, wannan ƙunar ta zaman hutu ta fi rabin abin da suke kashewa a yini. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana cin kusan kashi 20. Hanta da zuciya da ƙoda su ma manyan maciya ne.

A 1957 Jens Skou na Denmark, yana nazarin jijiyoyin ƙaguwa, ya gano ɗaya daga cikin manyan wuraren da kuzarin ke shiga. Ruwan da ke wajen ƙwayar halitta yana da sodiyam da yawa, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Na cikinta kuwa fotasiyam ne ya fi yawa. Tantanin yana yoyo: sodiyam na silalowa ciki, fotasiyam na silalewa waje, ba dare ba rana. Skou ya gano wani famfo na furotin da ke jikin tantanin, wanda da kowane ATP ɗaya yake fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Wannan famfo shi kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin mai hutu, a ƙwaƙwalwa kuwa kusan rabi. Bambancin gishirin da yake riƙewa ne ke samar da ɗan lantarkin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, zuciya ke bugawa da shi. Idan famfon ya tsaya, sodiyam ya cika ƙwayar, ruwa ya bi shi, ta kumbura ta fashe. Hatta sakin tsoka sai da ATP, domin shi ke ɓamɓare zaren tsoka daga juna bayan sun kama. Dalilin da ya sa gawa ke sandarewa 'yan sa'o'i bayan mutuwa ke nan: ATP ya ƙare, zaren sun kama ba su da mai sakinsu.

Claude Bernard na Faransa ne, a ƙarni na 19, ya fara jawo hankali ga cewa ƙwayoyin jiki ba a cikin iskar duniya suke zaune ba, a cikin jini da ruwan jiki suke, kuma rayuwarsu ta dogara ga tsayuwar wannan muhalli na ciki a kan hali guda. Walter Cannon na jami'ar Harvard ya raɗa wa tsarin suna homiyostasis a 1926. Kusan ko'ina a jiki fasalinsa ɗaya ne. Akwai mai auna abin, akwai cibiyar da ke gwada awon da ma'aunin da ake so, akwai kuma gaɓar da ake umarta ta gyara. Idan abu ya hau a sauko da shi, idan ya sauka a ɗaga shi, gyaran da kansa kuma shi ke kashe umarnin da ya jawo shi. Saboda haka awon ba ya tsayawa cak, kullum yana ɗan lilo a gefen ma'auninsa.

Sukarin jini da mai azumi

Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya giram 4 zuwa 5 ne, wato cikin ƙaramin cokalin shayi. Awonsa kafin karin kumallo yakan tsaya tsakanin miligiram 70 da 100 a kowane desilita. Ƙwaƙwalwa kuwa tana shan kimanin giram 120 a yini. Ke nan abin da ke cikin jini ba zai kai ta ko awa ɗaya ba, dole a riƙa zubawa daidai da yadda ake ɗiba.

Mai kula da wannan ita ce fankiriyas, wata doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Bayan sahur, sukari ya hau, sai ta saki insulin, wanda ke sa tsoka da kitse su buɗe ƙofa su karɓi gulukos, hanta kuma ta ƙulla shi ya zama gilaikojin ta ajiye. Bernard ne ya ware wannan sinadari daga hanta a 1857. Hanta takan riƙe kimanin giram 100, tsokoki kimanin 400, sai dai na tsoka nata ne ita kaɗai, ba ta sakar wa jini. Da hantsi ya yi, abincin sahur ya gama shiga, insulin ya ja baya, sai wani sinadarin, gulukagon, ya umarci hanta ta fara warware ajiyarta. Zuwa la'asar ajiyar ta yi ƙasa, hanta ta ƙara himma wajen ƙera sabon gulukos daga guntayen furotin da wani sashe na kitse, tsokoki kuma su koma ƙona kitse su bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. Haka ake kaiwa magariba, bayan awa 13 ko 14, sukarin mai lafiya bai fita daga ma'auninsa ba. Idan yunwa ta yi kwanaki, hanta takan mayar da kitse wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta koma amfani da su. Kilo 10 na kitse, wanda ko siririn mutum yana da kusan haka, ya isa abincin makonni.

Ciwon sukari lalacewar wannan tsari ne: ko dai fankiriyas ta daina yin insulin, ko kuma jiki ya daina jin umarninsa. Sukari ya taru a jini, ƙoda ta zubar da shi a fitsari, ruwa ya bi shi, ga yawan fitsari ga ƙishirwa ga rama. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'in farko ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya kuma farfaɗo. Amma insulin ɗin allura ba ya auna jini ya ja baya da kansa yadda na fankiriyas ke yi. Mai shan magani ko allura idan ya bar cin abinci, sukarinsa na iya faɗuwa warwas, da karkarwa da gumi da ruɗewa. Don haka maganar azuminsa ta likita ce, tun kafin watan azumi ya kama.

Zafi

Kusan duk kuzarin da jiki ya ƙona, ƙarshensa zafi ne. Da a ce ba ya fita, ɗumin mai hutu zai riƙa hawa da kamar digiri ɗaya kowace awa. Ma'aunin cikin jiki kuwa kusan digiri 37 ne, kuma mai tsaronsa wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, wanda ke auna ɗumin jinin da ke ratsa shi, yana kuma karɓar labari daga fata.

Idan zafi ya yi yawa, sai jijiyoyin jinin fata su buɗe, jini ya kwaso ɗumin ciki ya kawo waje. Wannan yana aiki ne muddin iska ta fi fata sanyi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda awo kan haura digiri 40, iskar da kanta ƙara wa jiki zafi take yi. A nan hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi. Fata tana da maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Fitar gumin ba ita ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce: lita ɗaya idan ta bi iska takan tafi da zafin da ya kai kalori 580. Aikin randa ke nan, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, na ciki yana yin sanyi. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko aka share da tawul asara ce. Shi ya sa kwanakin da hadari ke haɗuwa gab da faɗuwar damina, sa'ad da iska ta cika da laima, suka fi gallabar mutane, ko da awon zafin bai kai na tsakiyar bazara ba.

A 1775 wani likita a Landan, Charles Blagden, ya shiga ɗakin da aka hura har zafinsa ya haura digiri 120, ya yi mintuna a ciki. Ƙwai da nama da aka ajiye a ɗakin suka gasu, shi kuwa ɗumin cikin jikinsa bai tashi daga inda yake ba, domin iskar busasshiya ce kuma guminsa na bushewa. Sai dai tsarin yana da iyaka. Idan ruwan jiki ya yi ƙaranci, ko zuciya ta gaza tura jini zuwa fata, ɗumin ciki ya haura digiri 40, furotin ɗin ƙwayoyi sukan fara lalacewa, ƙwaƙwalwa ta rikice. Mutumin da ke cikin zafi ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Tsofaffi da ƙananan yara su suka fi shiga wannan haɗari.

A sanyi kuwa, jijiyoyin fata su tsuke, tsokoki su shiga makyarkyata don su ƙona kuzari su samar da ɗumi. Jariri sabon haihuwa bai iya wannan sosai ba. Abin da yake da shi wani jan kitse ne a kafaɗu da wuya, wanda mitokondiriyarsa ke barin haidurojin ya koma ta wata ƙofar ba ta injin ATP ba, kuzarin ya fita a matsayin zafi zalla. Bakwaini ba shi da isasshen wannan kitse, shi ya sa sanyi ke saurin kama shi. Dabarar ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, wadda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta Kolombiya a 1978, ta ceci jarirai masu yawa a wuraren da kwalbar jarirai ba ta wadata ba.

Zazzaɓi wani abu ne daban. A nan haifotalamas ce da kanta ke ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40, bisa saƙon ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Sai jiki ya ga 37 ya yi masa ƙasa, mai zazzaɓin cizon sauro ya shiga rawar sanyi yana neman bargo da tsakar rana. Idan ma'aunin ya koma wurinsa, sai gumi ya karyo.

Ruwa da gishiri

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Kowace ƙoda tana da 'yan matatu kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace lita 180 daga jini a yini, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ta fita a fitsari. Mayarwar da famfon sodiyam ake yin ta, shi ya sa ƙoda ke cin kuzari haka. Idan gumi ya rage ruwa, jini ya ƙara gishiri, haifotalamas ta ji, ta tayar da ƙishirwa, ta kuma sa a saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Fitsari ya ragu ya yi ja. Launinsa awo ne da kowa ke iya dubawa da kansa.

Tsamin jini ma a tsare yake, tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin pH. Kabon dayoksaid idan ya narke a jini tsami yake ƙara masa, kuma taruwarsa ce, fiye da ƙarancin oksijin, ke tilasta wa wanda ya riƙe numfashi ya saki. Huhu yakan gyara tsamin cikin mintuna, ƙoda cikin kwanaki.

Amai da gudawa sukan rusa wannan lissafi cikin sa'o'i, musamman ga yaro. Maganin ya fito ne daga abin da Robert Crane ya bayyana a 1960: a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos, ruwa kuma yana bin su. Gubar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa aka riƙa ba masu kwalara ruwan gishiri da sukari ta baki. Mace-mace suka sauka daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ƙullin ORS da ake samu a kemis jikan wannan aiki ne. Inda babu shi, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, domin gishirin da ya yi yawa cutarwa yake yi.

Raƙumi, ƙadangare da gaiwa

Ba kowane mai rai ne ke biyan irin farashin da mutum ke biya ba. A shekarun 1950 Knut Schmidt-Nielsen ya auna raƙuma a Beni Abbes, cikin Saharar Aljeriya. Ya tarar raƙumin da bai sha ruwa ba yakan bar ɗumin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya hau har ya haura 40 da yamma. Zafin da ya tara da rana, maimakon ya kashe gumi a kansa, sai ya sake shi a sanyin dare, ya tsira da ruwan da ya kai lita 5 a yini. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Yana iya asarar rubu'in nauyinsa ta ƙishirwa, sannan ya sha lita 100 cikin 'yan mintuna.

Ƙadangare ya bar wa rana aikin ɗumama shi. Da safe ya hau katanga ya shanya jiki, da rana ta take ya nemi inuwa. Abincin da yake buƙata bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa ke ci ba, amma da sanyin asuba ba ya iya gudun kirki.

Gaiwa ta fi su nisa. Kifi ce mai huhu, tana zaune a tafkuna da fadamun da ke ƙafewa da rani, har da na yankin tafkin Chadi. Idan ruwa ya fara janyewa, sai ta tona laka ta shige, ta naɗe jiki, ta fitar da majina mai yawa wadda ke bushewa ta zama kwanso a kanta, ta bar 'yar kafa ɗaya a saitin baki don shan iska. Bugun zuciyarta ya ragu, ƙunar kuzarinta ta faɗi ƙasa sosai, ta daina fitsari. Mutane kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma haka abin yake: tsokarta take narkarwa kaɗan-kaɗan. Dattin furotin, wanda a cikin ruwa take zubarwa a matsayin amoniya mai guba, sai ta mayar da shi yuriya ta tara a jiki har damina ta faɗi. A daji takan yi watanni a haka, a ɗakin bincike kuwa an ga wadda ta haura shekara uku.